Barewar Da Ba Ta Sha Ruwa Ba

Muna yara a Kahu, da an idar da sallar isha'i sai mu kewaye murhun kakarmu, Inna Yalwa. Tana ɓarar gyaɗa, tana tura kara cikin wuta da ƙafa. Ni "maigidana" take ce mini, don sunan mijinta na ci.

"Ga ta nan tafe," in ji ta, "mai gyangyaɗi ta wuce shi."

Labarin wani maharbi ne da kibiyarsa ba ta kuskure. Da rani ya tsananta, ruwa ya ƙafe ko'ina sai tafki guda, ya je ya laɓe a nan. Sai ga barewa tana tangaɗi don ƙishi. Ta hango shi, ba ta gudu ba. Ta ce, "Ɗan'adam, naman naka ne, amma bari in jiƙa maƙogwaro tukuna." Bai jira ba, ya saki kibiya. Tun daga ranar, in ya ɗaga ƙwarya zai sha ruwa, idanunta yake gani a ciki. Da hannunsa ya karya bakansa.

Muka kwashe da dariya. Na ce, "Inna, matsoraci ne! Nama ai na ci ne."

"Na ci ne, maigidana," in ji ta. "Amma naman ma yana son ransa."

Ta bayan kunnena maganar ta bi. Da na tasa na shiga ayarin farauta, da karnuka da gora, muna cinna wa daji wuta har wajen Zurgu. Wata rana na bugi barewa a bakin rafi, ashe mai shayarwa ce. Na shigo gida da ita a kafaɗa ina taƙama. Inna ta dubi hantsar barewar cike da nono, ta dube ni, ta shige ɗaki. Ba ta yi faɗa ba, naman ne kawai ta ƙi taɓawa. Washegari na koma neman ɗan barewar, ban same shi ba.

Har ta rasu ban buɗe baki na ce mata na gane ba; girman kai ya hana. Yau dajin ya koma gonaki, ko zomo da ƙyar ake gani, kuma da hannuna a ciki.

Kwanan baya 'yata Hafsa ta ga hoton barewa a littafin makaranta.

"Baba, ka taɓa ganinta ido da ido?"

Na ce, "Na taɓa."

"To ina ta tafi?"

Na daɗe ina kallon hoton.