Sunan Ɗan Fari a Kan Gilashi

Shekarar da zazzaɓi ya shigo ƙauyenmu, can gefen Sule Tankarkar, ɗana bai daɗe da yaye ba. Ya kayar da shi, ya sake shi, ya kuma dawo. Rubutu an sha, saiwa an jiƙa, shiru kake ji. Ga shi ɗan fari ne, wanda al'ada ta hana ni ko kama sunansa, balle in nuna damuwa a gaban mutane.

Sai ga malamin asibiti daga Gumel a kan doki, yana neman ɗigon jinin marasa lafiya, wai a Kano akwai madubin da ke ganin cuta. Gari ya watse. Mu da ko ƙumba muka yanke sai mun binne don tsoron sammu, mu ne za mu ba baƙo jini?

Ni kam na saɓi ɗana na nufi zauren da malamin ya sauka. Surukata ta tare hanya.

"Ke! Ɗan farin ne kike rungume da shi haka? Ina kunya?"

"Inna, kunya ba ta sauke zazzaɓi," na ce, na raɓa ta na wuce.

Malamin ya goge yatsan yaron, ya soka allura, ya shafa jinin siriri a kan ɗan gilashi. Ya ce in kore ƙudaje har jinin ya bushe, don suna lashe shi. Sannan ya ɗago.

"Baiwar Allah, sunan yaron? Gilashin da ba suna zubar da shi ake yi."

Na waiga. Dangin mijina suna leƙe ta bayan danga, kowa na jiran ya ga yadda zan yi. Raina ya ɓaci. Na faɗi sunan da ƙarfi, yadda na bayan danga za su ji. Yaron ya buɗe ido ya dube ni.

Malamin ya rubuta, ya naɗe gilashin a takarda, ya jera shi cikin akwatin katako don kada ya fashe a hanya. Kafin amsa ta dawo daga Kano mun binne ɗana. Da ta zo, da allurai ta zo, aka yi wa rabin gari, har da Inna.

Bai hana su kira na marar kunya ba har na tsufa. Su yi ta faɗa. Ni dai na kira ɗana da sunansa yana da rai, kuma ya ji.