Itacen da Ya Tare Hanyar Yara

Ya jama'a, yau itace ya hana mu aiki!

Kun san ɗan kurmin da muka dasa bayan madarasa don yara su san itatuwa. Kwamiti ya ce a fitar da hanya a tsakiya saboda baƙin da za su zo daga Rusairis. Sai ga wani itace ya tare hanyar. Ba mu muka dasa shi ba, ba wanda ya san sunansa. Na kira Malam Isiya da gatarinsa.

Muna isa muka tsaya cak. Ya yi fure! Jajayen ƙwallaye suna reto a iska, ƙudan zuma na ta kewaya su. Wallahi kamar a mafarki.

Sai ga Hajja Asabe, tsohuwar nan maƙwabciyarmu, tana jan akuyarta. Ta saki igiyar.

Ta ce, "Ustaza, ɗorawa ce!"

Na ce, "Hajja, a ina kika san ta?"

Ta ce, "Ban taɓa ganinta ba, nan aka haife ni. Innata ce ke kwatanta muna ita in tana kewar ƙasar Hausa. Haka ta ce, jajaye, suna reto."

Ta tuɓe takalmanta, ta matsa, ta dafa jikin itacen. A hankali ta ce, "Sannu da zuwa. Ke ma a ƙasa kika taho nan Sudan, kamar iyayenmu? Kin daɗe a hanya."

Malam Isiya ya ajiye gatari ya ce, "Ustaza, kalas, magana ta ƙare. Hanya ce za ta kauce."