Sarkin Cek a Falon Hajiya

Ko tsufa zai cinye min tunani har in manta sunan unguwar da aka haife ni, ba na jin zan manta abin da wani tsohon fim na barkwanci ya jawo mana a Greensboro. Fim ne na dariya, amma har gobe in na tuna shi raina ne ke ɓaci. Shekaru sun tafi, furfura ta fito, ni kuwa ban huce ba.

A Cekoslobakiya na yi karatun harhaɗa magunguna, zamanin da ake tura ɗalibai ƙasashen gurguzu. Shekara shida na yi ina fama da sanyi da dankali, kuma a can na san fim ɗin. An yi shi ne jim kaɗan bayan 'yan gurguzu sun karɓi mulki. Labarin wani sarkinsu ne na ɗaruruwan shekarun baya, mai son yabo kamar ransa. Fadawa na cinye ƙasa suna yi masa kirari, 'yan damfara sun cika fada da alkawarin mayar da ƙarfe zinariya, talaka kuwa na gefe ya fi su duka hankali. Hukuma ta yi shi don a yi wa sarakunan da dariya, su kuma mutanen ƙasar in suna kallo shugabanninsu na lokacin suke gani, su yi ta dariya ƙasa-ƙasa. Da ina da wayo, da tun daga nan na gane irin halin fim ɗin. Da zan bar ƙasar, abokiyar ɗakina ta naɗar min shi a kaset ta ba ni tsaraba.

Aure ne ya kai ni Amurka. Takarduna ba su karɓu ba, sai na ɓige da aikin kula da tsofaffi. Amma aikin da mutanenmu suka san ni da shi, tafinta ne. Mata da yawa, musamman 'yan Nijar, ba su jin Turanci, ni ke kai su asibiti in faɗa musu abin da likita ya ce. Abin da na faɗa shi suke ji, shi suke bi, ba su da wata hanyar tantancewa. Na san nauyin wannan, shi ya sa ko likita ya yi tari sai na ce tari ya yi.

A cikin waɗanda nake kaiwa akwai wata matashiya 'yar Maraɗi, mai cikin fari wata bakwai. Mijinta direban tirela ne, sai ya yi kwana goma bai ga ƙofar gidansa ba. Wata Talata na kai ta awo, likita ya ce jininta ya hau. Ya ce in ta ji ciwon kai mai naci, ko fuskarta ta kumbura, ko ta soma ganin walƙiya-walƙiya a idonta, to kada ta jira kowa, ta taho asibiti nan take. Ya kuma ce ta dawo Talata mai zuwa. Na faɗa mata sau biyu a ɗakin likita, na sake maimaitawa a mota. Ta sunkuyar da kai irin na mai kunyar cikin fari ta ce, "To, Tanti, na ji."

Ranar Asabar ɗin makon muka taru kamar kullum a McLeansville da ke gefen gari, gidan wata Hajiya, matar shugaban ƙungiyarmu ta Hausawa. Gida ne babba a tsakiyar fili, kuma ita kaɗai ke da bidiyon da ke cin kaset ɗin ƙasashenmu da na Turai, don na Amurka ba ya karɓarsu. Kaset ɗin bikin da aka ce za mu kalla bai iso ba, ni kuwa na taho da nawa a jaka saboda na yi shekaru ban gan shi ba. Na ce su bari in sa musu, in riƙa fassarawa. Aka sa, na tsaya gefen talabijin da rimot a hannu. Bafade in ya rusuna sai in ce, "Allah ya ja zamanin sarki, hasken ƙasa!" Sarki in ya yi wauta in faɗe ta da Hausa yadda ya yi ta. Rigar Hausa na sa wa maganar, wannan ban musa ba, amma ban ƙara ko kalma ɗaya da ba ta ciki ba. Mata suka yi ta faɗuwa don dariya, wata har shinkafa ta shaƙe ta.

Aka zo inda fadawa ke rantse wa sarki cewa kullum ƙuruciya yake ƙarawa, shi kuma yana shafa gemu yana murmushi. Sai wata mai bakin tsiya daga bayan falo ta ce, "Kai, wannan sarki sai ka ce wani da muka sani!" Falo ya sake kecewa. Kowa ya san Alhajin gidan da rina gemu da son a ce masa Shugaba, ya kuma san mutum uku ko huɗun da ke bin sa suna gyara masa zama. Ba wanda ya kira suna. Amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Hajiya ta tashi ta kashe bidiyon, ta ce lokacin sallar la'asar ya yi, alhali saura kusan awa guda.

Kafin Litinin magana ta zagaye Greensboro. Wata ƙawata ce ta bugo min, ta ce Hajiya na cewa na fake da guzuma na harbi karsana. Wai babu wannan zance a fim ɗin, ni na ƙirƙira don in ci mutuncin mijinta a cikin gidansa, tunda ba mai jin yaren sai ni. Wannan bai dame ni sosai ba. Abin da ya fi ci min rai shi ne ƙarashen: wai wadda ta iya ƙara gishiri a fim, wa ya san irin gishirin da take ƙarawa a gaban likita?

Na ɗauki waya na buga wa Hajiya. Na ce, "Hajiya, ni kika ce ina ƙara wa likita magana?"

Ta ce, "Ni dai abin da na ce, ba wanda ke jin Cek ɗin nan sai ke. Kin zo gidana, kin ci abincina, kin mai da maigidana abin dariya. Ai sai ki kawo witnes, wanda zai yi miki shaida."

Na ce, "Zan kawo miki. Kuma wallahi kafin in kawo, ba wadda zan sake rakawa asibiti. Ku je ku nemi mai gaskiya."

Wannan rantsuwa ita ce babbar wautar da na yi a rayuwata, kuma a lokacin ji nake na yi bajinta. Talata ta zo ta wuce ban je na ɗauki 'yar Maraɗin ba. Tana falon ranar da aka yi abin, kuma Hajiya ce uwar ɗakinta, don haka na lissafa ta cikin mutanen Hajiya. Sau biyu na dawo daga aiki na tarar da muryarta a na'urar ajiye saƙo. "Tanti, ni ce. Gaisuwa ce kawai na kira in yi." Ni da na girma cikin Hausawa, na san mai cikin fari ba za ta buɗe baki ta ce cikinta na damun ta ba, kuma na san irin wannan gaisuwar ba gaisuwa ba ce. Na sani sarai. Na goge saƙon na ce ta je uwar ɗakinta ta fassara mata.

Duk ƙarfina na mayar kan neman shaida. Na je ɗakin karatu na jami'ar da ke gabashin gari, wata ma'aikaciya mai kirki ta ce za ta aro min faifan fim ɗin daga wata jiha, mai rubutun Turanci a ƙasa. Kwana goma sha ɗaya na yi ina leƙawa kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Da ya iso, na ci ado na nufi McLeansville ranar Asabar ba tare da an gayyace ni ba.

Na tarar da falo cike. Na yi sallama a taƙaice, na sa faifan, na kira mata biyu masu aikin jinya waɗanda Turancinsu ba ya da makusa, na ce su karanta da ƙarfi su fassara. Suka karanta. Kirarin fadawa na nan, zancen ƙuruciya na nan, har shafa gemun na nan, ban ƙara ba ban rage ba. Na juya ina bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya, ina so kowace ta haɗa ido da ni. A nan ne na lura fuska ɗaya ba ta nan.

Na ce, "Ina 'yar Maraɗi?"

Hajiya ta ce, ba ta ko dube ni ba, "Tana gida, kwana uku kanta na ciwo. Ta ce wai kin ce in kai ya yi ciwo a ruga asibiti. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, cikin fari ne, kowa na kumbura, tsorata ta kawai kika yi. Na aika mata da ƙwayar ciwon kai."

Ban san lokacin da rimot ya faɗi daga hannuna ba. Ban ɗauki faifan ba, ban ɗauki mayafina ba. Yadda na tuƙa motar nan zuwa gabashin Greensboro, Allah ne kawai ya tsare ni da mutanen hanya. Da ta buɗe min ƙofa da ƙyar na gane ta, fuska ta cika, idanu sun shige. Ta ce, "Tanti, kin zo? Ina ganin wuta-wuta, amma Hajiya ta ce ba komi." Na kira motar asibiti. Kafin su iso jijjiga ta kama ta a hannuna, a kan kafet, tsakanin kujera da tebur.

Aka yi mata aiki a ranar aka ciro ɗa namiji, ɗan mitsitsi, aka sa shi a kwalba. Ita Allah ya yi da sauran kwananta. Mijinta na can wata jiha mai nisa da kaya a mota, sai washegari ya iso. Yaron ya yi kwana huɗu. A rana ta huɗu da hantsi likita ya shigo ɗakinta, ya ja kujera ya zauna, ni kuwa tun daga zaman na san abin da ke tafe. Ya yi magana a hankali, ya dube ni. Ita ma ta dube ni, ta kama hannuna ta ce, "Tanti, mi ya ce? Ki gaya mini yadda ya faɗa, kada ki rage komi."

Na faɗa mata yadda ya faɗa, cewa yaron ya rasu. A duk shekarun da na yi ina tafinta, ban taɓa son in yi ƙarya ba sai ranar.

Wajen zaman makoki Hajiya ta zo da ƙaton kwanon abinci da casbaha, tana cewa haka Allah ya ƙaddara, sai haƙuri. Na yi niyyar in yi shiru saboda darajar wurin, amma cikina ya ƙi. Na bi ta har bakin motarta na ce, "Hajiya, ƙaddara gaskiya ce, amma ba ƙaddara ce ta aika da ƙwaya ba. Don an yi wa gemun mijinki dariya kika cire wa baiwar Allah kunnen da take jin likita da shi. Ke likita ce? Kin taɓa auna jinin wani?" Ta ce in ji tsoron Allah. Na ce shi nake ji, shi ya sa ban faɗi sauran ba. Ta ja motarta ta tafi. Daga ranar ban sake taka gidanta ba, kuma ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba, ko a gabana ko a bayana.

Amma in an bi ta ɓarawo sai a bi ta mabi sawu. Matan nan da suka cika falo, da yawansu ni na tsaya a kansu suka haihu, ba ɗaya da ta iya cewa, "A'a Hajiya, mun san ta." Suka yi gum saboda shinkafar Asabar, ina jin haushinsu har yau. Wadda na fi jin haushi kuwa ita ce matar da ta san alamomin ciwon nan fiye da kowa a garin, ta yi karatunsu shekara shida, ta ji muryar mai neman taimako sau biyu ta goge, don tana jiran faifan da zai wanke sunanta. Sunana ya wanku tas, ihu bayan hari. 'Yar Maraɗin ba ta taɓa ce min don me ba. Daga baya ta haifi 'ya'ya uku, ni na raka ta dukkansu, kuma wannan yafiyar tata ta fi min zagi ciwo.

Abin da na koya, na koye shi da tsada kuma ba ni na biya ba. Wanda ya ɓata sunan mai gaskiya don huce haushinsa, ba shi kaɗai ya cuta ba, ya cuci duk wanda ke dogara da maganarsa. Kuma wanda wasu ke ji ta bakinsa ba shi da ikon yin yaji, komai zagin da aka yi masa. Da na haɗiye fushina na je ranar Talatar nan, da an ci gaba da ce min maƙaryaciya na wata ɗaya ko biyu, ya wuce. Shi kuwa yaron, da yanzu ya isa aure.