Na Ɓoye wa Babana Rabin Maganar Likita

A shekarun da wayar salula ta fara shiga hannun kowa, ina da ɗan shagon kemis a Akurba, kuma unguwa kaf dakta ake kirana. Ban taɓa gyara wa kowa ba, don sunan yana yi mini daɗi, alhali iyakar ilimina sayar da ƙwaya da ɗaure rauni. Ni ne babba a gidanmu, ni kaɗai na yi boko mai ɗan nisa, saboda haka in na yi magana kan ciwo babu mai ƙarawa. Babanmu manomin doya ne a Kwandere, mutumin da bai san zaman banza ba. Ƙwannafi ya matsa masa shekara da shekaru. Da ya ci abinci sai ƙirjinsa ya kama ƙuna, ruwa mai tsami ya taso masa har maƙogwaro. Na ɗura masa duk maganin da ke shagona, a banza.

Da abin ya ƙi, na kai shi wani asibiti a Lafia, tun a hanya ina bugun ƙirji cewa aiki ne za a yi, kuma a nan garin za a gama komai. Likitan ɗan kudu ne, ba ya jin Hausa, Baba kuwa yarenmu yake ji sai Hausar kasuwa, don haka na zama tafinta. Bayan gwaje-gwaje likita ya ce bakin tumbin Baba ne ya saki, sai an ɗaure shi, kuma hanya biyu ce. Ko a tsaga ciki a nan, ko ya tura mu Abuja inda ake huda ƙananan ramuka a zura kyamara a yi aikin. Ya ce duka biyun suna maganin ciwon, amma na hujin ya fi saurin warkewa, na tsagawar kuwa sai an daɗe ba a ɗaga nauyi ba, ko da yake wani lokaci akan fara da huji dole ta sa a tsaga. Wallahi ban taɓa jin labarin aikin huji ba sai ranar. Na ji kamar an tsiraita ni, ni da ake kira dakta. Baba ya taɓa ni ya ce in tambaya masa abu ɗaya, ko zai iya riƙe garma kafin ruwa ya sauka. Ban tambaya ba. Na juya na ce masa likita ya ce sai an tsaga, babu wata hanya.

Aikin ya yi kyau, ƙwannafin ya tafi, likita bai da laifin komai. Ya ja kunne sosai kan aikin ƙarfi, wannan kam na fassara. Amma ruwan farko ya zuba ɗinki bai gama kamewa ba, Baba yana zaune yana jin maƙwabta suna tashin tulin doya. Wata safiya ya saɓi garma ya fice ba tare da sanin kowa ba. Bayan 'yan makonni wurin ɗinkin ya ɓullo kamar an cusa ƙwarya a ƙarƙashin fata. Tun daga nan garma ta gagare shi.

Da muka koma asibitin, wata nas mai jin Hausa ce ta karɓe mu. Tana duba katin ta tambayi Baba, cikin tausayi, me ya sa manomi kamarsa ya ƙi zuwa Abuja a yi masa na huji, ga shi likita ya rubuta an ba shi zaɓi. Baba ya dube ni, kallon bai daɗe ba, sannan ya ce mata shi ne ya zaɓa da kansa, tsoron tafiya yake yi. Na mayar da shi Kwandere a mashin, kuma har ya bar duniya bai taɓa ta da zancen ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Ban ce aikin huji ba ya da tasa matsalar ba, kuma mai yiwuwa ko shi aka yi Baba ya yi gaggawar komawa gona. Amma jikinsa ne, gonarsa ce, shi ya kamata ya auna ya zaɓa, ni kuwa na ƙwace masa wannan don kada a ce akwai abin da ban sani ba. Ina roƙon duk wanda zai tsaya tsakanin likita da tsohonsa, ka faɗi duk abin da aka ce, har wanda ba ka gane ba, ka ce ba ka gane ba a sake maka bayani. Ni kalma uku na kasa furtawa, ban sani ba. Babana ya yi damina shida yana zaune a gindin mangwaro a bakin gonarsa, yana kallon 'yan ƙwadago suna yi masa tulin da bai gamshe shi ba.