Matsefatar Babana

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifina, malamin jami'ar da ya ƙare rayuwarsa yana nazarin yadda ƙwaƙwalwar masu nakasa take aiki. Duk shekara ɗalibansa suna yabonsa a jarida. Ni ƙorafi na kawo, tunda ranar wanka ba a ɓoye cibi.

Aikinsa sai an sa wa yaro wata hula mai wayoyi, kuma dole ta taɓa fatar kai. Iyaye mata kuwa sai su kawo 'ya'yansu da sabon kitso, ai gaban likita za a je. Da Baba ya gaji da mayar da su gida, sai ya sayi matsefata ya koyi tsifa. Abokansa a Gyadi-Gyadi har Farfesan kitso suke ce masa.

Akwai Balkisu, sa'ata, wadda ba ta magana, ba ta iya riƙe wuyanta. Ina laɓe a ƙofar falonmu, ina kallonsa yana warware mata kai sili-sili, yana yi mata hira. Ni kuwa ban tuna ranar da hannunsa ya sauka a kaina ba. Inuwar giginya, na nesa ka sha. Wallahi har addu'a na taɓa yi Allah ya kwantar da ni, ko na samu nawa rabon.

Da yana raye, da ya ga yadda irin su Balkisu suke rubutu a allon waya da ƙiftawar ido, na san kuka zai yi. Ko a wannan kukan ma kishi nake, don ba nawa ba ne.

Watan jiya na je gidan su Balkisu a Tarauni, saboda na ji matsefatar tana hannun mahaifiyarta. Na ce gadona ce, a ba ni. Tsohuwar ta dube ni ta ce, "Ba zan bayar ba, 'yar nan. Amma duk tsifar da ya yi mata, labarinki yake ba ta. Cire ɗankwalin ki zauna."

Takardunsa suna jami'a, sunansa yana bakin ɗalibai, Allah ya jiƙansa. Ni dai abin da ya iso gare ni shi ne wannan tsifar da tsohuwar ta yi mini da matsefatarsa, ina da shekara talatin da huɗu, a ƙasa kan tabarma, Balkisu tana kallona tana dariya.