Baba Yana Masallaci

"Yaya, wata uku ke nan ba ni da aiki."

Haka na faɗa wa yayana jiya a waya, ina zaune a ɗakin da muke haya mu huɗu a unguwar Al Nahda, nan ƙasar waje.

Ciwon baya ne ya kai ni ajin yoga na mata. Malamar ta ce abin ba miƙe jiki kaɗai ba ne, har da gyaran hali. Ta ba mu aikin sati guda: kada mu yi ƙarya, komai ƙanƙantarta. Ni kuwa tun da aka sallame ni, kullum "aiki da godiya" nake ce wa mutanen gida.

Na ce wa Yaya ya ba ni Baba in faɗa masa da bakina, don duk kiran da na yi kwanan nan sai a ce yana masallaci.

"Hadiza, ki yi haƙuri. Yau kwana tara da rasuwar Baba. Wata guda ya yi a asibiti yana kiran sunanki."

"Kuka ɓoye min?"

"Mun ce kada mu ɗaga miki hankali kina bakin aiki."

Wane aikin? Ina nan kwance ina kallon silin, fasfo ɗina a ƙarƙashin filo!

Na rufe su don kada su damu, sun rufe ni don kada in damu, aka binne ubana ban gan shi ba.

'Yan uwana mazauna waje, ku gaya min, wannan tausayin namu wa ya amfana?