Benen da Zai Leƙa Tsakar Gidanmu

A unguwarmu, can bayan Makera inda layi yake gangarawa kogi, namiji ba ya hawa sama sai ya faɗa. Ko kwanon rufi zai gyara, ko mangwaro zai kaɗo, sai ya bi gidajen kewaye yana cewa a yi sutura, za a hau. In ya gama ya ce an sauko, mata su ajiye mayafi. Da haka na tashi, ban taɓa ɗaukarsa wani abu ba.

Sana'ar Umma gyaran amare ce. Dilka, lalle, turare, duk a tsakar gida, saboda suna son iska da rana. Amarya da ƙawayenta su baje kan tabarma da ɗaurin ƙirji, katanga ce kawai tsakaninsu da idon gari. Tun da masaƙa ta rufe Baba ya dawo gida, da wannan tsakar gidan muke ci.

Sai aka kafa allo a fadamar bayanmu, inda ake shuka alayyahu. Hoton wani dogon bene, gilashi tun daga ƙasa, kowane hawa da barandarsa. Kogin a hoton shuɗi ne shar, ni kuwa ja na san shi. Inda gidajenmu suke, ciyawa aka zana.

Baba ya je ya tambaya, ya dawo da fara'a, wai ba za a taɓa layinmu ba. Na ce ni ba rusau ne damuwata ba, tagogin nan ina za su kalla? Ya ce matsalata gaggawa, ko bulo ɗaya ba a sa ba. Maƙwabciyarmu 'yar Kafanchan, wadda ke ɗinki, ta leƙo tana dariya ta ce wa Umma, "Hajiya, kin samu sabuwar kasuwa, sai ki riƙa yankar tikitin kallo." Can ta tuna nata banɗakin ma ba rufi, dariyar ta tsaya.

Wata Asabar da hantsi muna da amarya, lalle ya rufe mata hannu da ƙafa, sai muka ji ƙugi kamar na zuma. Ɗan ƙaramin jirgin nan mai ɗaukar hoto ne, ya tsaya cak a samanmu. Amarya ta zabura ta yi ɗaki, ta taka kwanon dilka, zanen ƙafar duk ya dame.

Na zari hijabi na fita. Na sami masu jirgin a fadama, su da rigunansu masu ƙyalli. Na ce wa mai riƙe da na'urar, "Malam, a nan in za a hau sama faɗa ake yi." Ya ba ni haƙuri da Turanci, ya ce ai ba wanda ya hau, suna ɗaukar abin da masu sayen gidajen za su riƙa gani ne daga barandarsu. Na ce ya nuna mini. Ga kogi, ga gada, ga igiyar shanyarmu. Ga Umma ba ɗankwali, ƙarama kamar ƙwayar wake, amma ita ce.

Gwaggon amarya ta kwashe 'yarta a ranar, ba ta yi faɗa ba, ba ta kuma dawo ba. Magana kuwa ta zaga. Masu zuwa yanzu sai sun tambaya ko an fara ginin.

Baba ya ja tampol ya rufe rabin tsakar gida. Lalle ba ya bushewa da wuri, hayaƙin turare yana shaƙe mu. Umma ta ce za a saba.

Har yau fadamar tana nan, allon ma ya fara koɗewa. Amma jiya na fito na tarar da Umma tana wanke-wanke da hijabi, gefensa ya jiƙe sharkaf. Na ce ta cire mana, ba kowa. Ta ɗaga kai ta duba sama, ta ce bari dai tukuna, ba a ce an sauko ba.